Wutsiyar Bijimin Baraka

Idan mutum ya san gaskiya ya yi shiru, waya ta yi magana a gurbin da ya bari, kuma cikin abin da wayar ta faɗa babu ƙarya ko ɗaya, amma jama'a suka watse da ƙarya a hannu, to wa ya yi ta? Wayar dai abin da aka nuna mata ta faɗa. Mutumin kuwa bai ce komai ba. A Tafoki an kai wannan tambaya gindin bishiyoyi da dama, an sha shayi a kanta, ta dawo yadda ta tafi.

A kan bijimin Baraka abin ya faru.

Baraka yayar Gide ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya rasu ya bar mata yara da gona da shanun huɗa biyu da ya sayo a Damari, can ƙasar Sabuwa. Shekarar da ɓarayin daji suka kore shanun rabin gari sun haɗa da ɗaya daga ciki. Ɗayan ya tsira ne don ranar an kai shi Faskari a yi masa allura. Gide shi ma sa guda gare shi, garma kuwa ba ta tafiya da sa ɗaya. Sai suka haɗa nasu: yau a yi huɗa a gonarta, gobe a tasa. Haka suka yi damuna bayan damuna, ba wanda ya taɓa jin kansu.

Bana, ruwa ya sauka, dawa ta fara toho, ana shirin huɗa, sai bijimin Baraka ya tsinke igiya da sassafe ya shiga gonar maƙwabta ya cika cikinsa da ɗanyen tohon dawa. Kafin hantsi cikin ya kumbura ya yi tauri kamar ganga. Aka ɗura masa man gyaɗa, aka ɗura masa kanwa. Ya yi tangaɗi ya faɗi a bayan gidanta, kusa da turkensa.

Kowa a wurin ya san abin da ya rage. In wuƙa ta riski dabba da sauran rai, nama ne. In rai ya riga wuƙa, mushe ne, sai a ja shi bayan gari. Aka aika a kira Yahya mahauci. Yahya ya zo a kan babur cikin gaggawar da ta sa ya baro wuƙar a gida, ya juya ya koma.

Gide ne ya riƙe ƙafafun baya. Ya danne wutsiyar da gwiwarsa don kada ta make shi a ido, ya ɗora tafin hannunsa a kan haƙarƙarin. Maharazu mai cajin waya, mutum mai sanƙo da 'ya'ya manya, ya tsaya a gefe yana ɗaukar bidiyo, domin a zamanin nan ba abin da ke faɗuwa a Tafoki Maharazu bai ɗauka ba.

A ƙarƙashin hannun Gide numfashin yana tafiya yana dawowa. Ya tafi, ya daɗe, ya dawo. Ya sake tafiya. Gide ya jira. Ya ƙara danna hannun. Ya ji ƙarar babur daga nesa, ya ci gaba da jira, har babur ya iso, Yahya ya diro ya yi bismilla ya sa wuƙa. Jini ya fito a kasalance, bai yi tsartuwa ba. Gide ya ɗaga gwiwarsa don ya miƙe. Wutsiyar da ke lanƙwashe ta warware, ta bugi ƙasa.

Sai ga Liman, Malam Abdulƙarim, ya iso da sandarsa. Ya dubi san, ya dubi jinin, ya ce dabbar da ciwo ya kayar ba a wadatuwa da fitar jini kawai. Sai an ga alamar rai bayan yanka: ko ta harba ƙafa, ko ta ƙifta ido, ko ta kaɗa wutsiya.

"Yahya, mi ka gani?"

"Allah gafarta Malam, ni wuƙa nike kallo. Kwanan nan na wasa ta, ba a ɗauke mata ido."

Wani ya ce ya ga ido ya ƙifta. Na kusa da shi ya ce ƙuda ne ya sauka ya tashi. Suka fara musu a kan ƙudan. Nan Maharazu ya ɗaga wayarsa sama.

A lokacin babu gidan da bai san manhajar nan mai ƙirƙirarriyar basira ba, wadda ake yi wa magana da Hausa ta amsa da Hausa. Ita ake tambaya yawan takin da masara ke so, da maganin tsutsa, da yadda ake rubuta wa ɗan majalisa koke. Mata na tambayarta tarin yara. Gide ya fi kowa. Mutum ne mai yawan juya magana a rai, kuma a da in abu ya dame shi sai ya kwana da shi ya tashi da shi, ya kai shi gona ya dawo da shi. Da wayar ta zo sai ya samu inda zai riƙa saukewa. Ya taɓa tambayarta ko wanda ya tsinci kazar maƙwabci a rumbunsa yana da haƙƙin ƙwan da ta yi a ciki.

"Malam, ga shi duk na ɗauka," in ji Maharazu. "A nuna mata ta duba."

"Ni ban yi karatu wurin waya ba."

"Ai ba fatawa za ta ba da ba, Malam. Gani kawai. Idonta ya fi namu, ba ta da hawan jini."

Liman bai ce e ba, bai ce a'a ba. Maharazu ya ɗauki hakan izini. Ya tura mata bidiyon, ya ƙure muryar wayar, mutane suka matso. A bidiyon ana ganin wutsiyar sarai, amma ba a ganin gwiwar Gide, don babbar rigar Yahya ta tare wajen.

Wayar ta ce, "Bayan an yanka, ana ganin wutsiyar ta motsa."

Aka ɗauki kabbara. Wani ya rungume Yahya, da wuƙar a hannunsa. Cikin hayaniyar wayar ta ci gaba da magana ita kaɗai: ba za ta iya tabbatar da abin da ya motsa wutsiyar ba, waɗanda suka riƙe dabbar sun fi ta sani, hukunci kuma na malami ne. Mutum biyu ne suka ji wannan. Ɗaya Gide, don yana kusa. Ɗaya Liman, don shi kabbarar wasu ba ta hana shi sauraro.

Liman ya jira aka lafa.

"Gide, kai ka riƙe ƙafa. Mi ka ji?"

Gide ya dubi yatsun ƙafarsa. Ta gefen ido yana hango Baraka tsaye a bakin zana, ta ja mayafi ta rufe baki.

"Malam, ai an riga an gani."

"Na ji an gani. Kai nike tambaya."

"Ni ƙafa anka ba ni in riƙe, na riƙe."

"Ba za ka ƙara komi ba?"

"Ba ni da abin ƙarawa, Malam."

Liman ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "To. Mu da zahiri muke hukunci. Wutsiya ta motsa, wanda ya riƙe bai musa ba. A feɗe."

Al'adar garin ce in irin wannan ta sami wani, a yi watanda. A kasa naman tuli-tuli a kan tabarma, kowane gida ya ɗauki kaso ya biya, kuma ba a cinikin farashi, don kowa ya san ba nama yake saya ba, maƙwabci yake tayarwa. Da abin da aka tara Baraka za ta iya samun ɗan maraƙi mai ƙarfi a kasuwar Ƙanƙara, ko da bai kai wanda ya tafi ba, a ɗaura shi da san Gide a yi huɗa kafin ciyawa ta ci gona. In kuwa mushe ne, babu kaso, babu maraƙi. San Gide ma sai ya yi damuna a turke yana cin harawa yana kallon mutane.

Ana fiɗa, Gide ya zame ya zagaya bayan rumbu, inda sabis ya fi kamawa. Ya zauna a kan dutse ya fito da wayarsa. Ya faɗa mata komai, yadda ya saba: hannun, numfashin da bai dawo ba, baburin, gwiwar.

Ta ce in haka ne, motsin da aka gani ba alamar rai ba ce, kuma abin da ya ji da hannunsa ya fi abin da bidiyo ya nuna. Ta ce ya kamata liman ya san wannan kafin a ci naman. Ta ƙara da cewa ta fahimci abin yana da nauyi a kansa.

Gide bai ji daɗin fahimtar ba. Ya sake tambayar, wannan karon ya cire hannun, ya bar gwiwar. Amsar ba ta canza sosai ba. Sai ya cire gwiwar ita ma.

"Idan an yanka dabba, wutsiya ta motsa, ya halatta?"

Ta ce malamai da yawa suna ɗaukar hakan alamar rai, in dabbar ce ta motsa ta da kanta. Sannan ta ce, "Amma ɗazu ka ambaci gwiwarka."

Gide ya dubi wayar yadda ake duban abokin da ya tuna wa mutum magana a gaban surukai. Maharazu ya taɓa nuna masa yadda ake share hira a buɗe sabuwa. Ya share. Ya buɗe sabuwa. Ta gaishe shi kamar ba su taɓa haɗuwa ba, ta tambaye shi da me za ta taimaka. Ya yi tambayar a gajarce, ta ba shi amsa mai tsabta, babu gwiwa a ciki.

Ya zauna da amsar a hannu. Gaskiya ce, babu shakka. Ya saurare ta har ƙarshe, ya sake kunnawa. Ya ji kamar wanda ya ci shari'a bayan ya aiki mai shaida kasuwa.

A hanyar komawa ya bi ta gidan Baraka. Ya same ta zaune kusa da turken, tana warware guntuwar igiyar da san ya tsinke, kamar akwai abin da za a ɗaura da ita yau.

"Yaya, sannu da haƙuri."

"Yauwa."

Ya tsaya. Ita ma ba ta ce ya zauna ba.

"Gide, ka lura ban tambaye ka komi ba?"

"Na lura, Yaya."

"To ka ci gaba da lura."

"Ni ban ce..."

"Ba ka ce ba. Tun kana goye nike ganin yadda kake kallon ƙafarka in an tambaye ka wa ya sha fura. Ni ban ga komi ba yau. Ina bayan zana. Waya ta gani, Malam ya yanke, gari ya ɗauka. Ni mace ce mai marayu, mi nawa a ciki?" Ta ja igiyar ta ƙulle. "Gonar can ta fadama in ba a yi mata huɗa cikin kwanakin nan ba, sai dai mu ci ciyawa. Ka sani, na sani. Je ka ɗauki kasonka kafin a bar maka huhu."

Ya je ya ɗauki kasonsa. Ba huhu aka bar masa ba. Yahya ya zaɓar masa tsoka mai kyau har da ƙarin hanta, saboda wahalar riƙon ƙafa.

A gida matarsa Sa'adiya ta karɓi kwanon ta juya naman da yatsa. 'Yar Yargoje ce, ta taso a gidan da ba a kewaya magana. Ta ɗauko wuƙa da faranti ta zauna a inuwar ɗaki. 'Yarsu Hamida na ta zagaya kwanon.

"Miya za a yi ko a soya?"

"Yadda kika gani. Ni kada ki sa da ni."

"Kai da nama?"

"Cikina ne ba daidai ba."

"Tohon dawa ka ci kai ma?"

Bai yi dariya ba. Ta ɗaga kai ta dube shi.

"Na ji an ce malaminka na aljihu ya wanke shi. Ko yau kun ɓata?"

"Ya wanke shi. Na ma sake tambaya."

"Ka sake tambaya." Ta maimaita a hankali. "Abin da anka yi wa kabbara, mi ya kai ka sake tambaya?"

"Ki dafa wa yara kawai."

Sa'adiya ta ajiye wuƙar. Ta ce wa Hamida ta je ta wanke hannu, yarinyar ta tafi da murna, a zatonta an kusa.

"Malam, naman da bai yi maka ba, shi zan sa a bakin ɗiyata?"

"Wanda bai sani ba, ba shi da laifi. Haka hukuncin yake."

"To ni yanzu cikin waɗanne nike? Waɗanda ba su sani ba, ko waɗanda anka hana su sani?"

Ta ɗauki faifai ta rufe kwanon, ta ɗora dutse a kai saboda kaji.

"Ga shi nan. Ni ba zan dafa ba, ba zan zubar ba, kai ka kawo shi. Amma gidan Liman tun ɗazu nike jin turmi. Yaji suke dakawa."

Gide ya fita zaure ya zauna. Ya shiga raba laifin yadda aka raba naman. Ga kason Yahya, wanda ya manta wuƙa. Amma mantuwa ba zunubi ba ce. Ga kason Maharazu, wanda ya ɗauki abin da ya gani daga inda ya tsaya. Ga na Liman, da ya yi tambaya har ya maimaita, ya hukunta da abin da aka ba shi. Ga na masu kabbara, da suka ji rabin magana. Ai rabin da suka ji gaskiya ne. Ga na Baraka, da ke bayan zana. Ga na waya, wadda ta faɗi daidai a gaban jama'a, ta faɗi daidai a bayan rumbu, har ta tuna masa gwiwarsa. Kowane kaso ya fito ɗan mitsitsi, yaro ma ya ɗauka da hannu ɗaya. Shi kansa nasa bai fi na kowa ba, tunda bai faɗi kalmar ƙarya ko guda ba. Ya duba, ya sake dubawa. Lissafin ya fita. Amma duk da haka gari guda na shirin cin mushe da rana tsaka, da bismilla.

Ya fito da wayar. Sabuwar hirar tana nan a buɗe, da amsarta mai tsabta. Ya yi niyyar tambayarta ko shiru ƙarya ne. Ya san za ta amsa, da ladabi, ta kawo wannan gefe ta kawo wancan. Ya kuma san in amsar ba ta yi masa ba, ya iya sharewa. Sai ya ga bai san ranar da ya daina kwana da tambaya ba, kuma bai san ko ya huta ne tun daga ranar, ko wani abu ne ya mutu a ƙarƙashin hannunsa bai faɗa wa kowa ba. Ya kife wayar a kan tabarma.

Aka kira azahar. Ya yi salla a sahun baya, ya fita kafin a shafa addu'a. Ya koma gida ya ɗauke dutsen daga kan faifan. Sa'adiya tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

A bayan gidan Baraka saura 'yan kaso kaɗan a kan tabarma, da kai, da ƙafafu, da fatar a shanye. Mutane sun dawo daga masallaci sun taru, Liman na zaune a kan buzunsa a inuwar darbejiya, ana ƙarasa rabo a gabansa. Gide ya ratsa su da kwano a hannu ya ajiye a gefen tabarmar.

"A'a, Gide, ƙari kake nema?" in ji Maharazu. "Ka ci hanta, ka dawo neman ƙoda?"

Aka yi dariya. Gide ya tsuguna a gaban Liman.

"Allah gafarta Malam, tambayar ɗazu."

"Tana nan. Ban janye ta ba."

"Wace tambaya kuma?" in ji Yahya. "Abin da waya ta gama?"

Daga bayan zana aka kira sunansa, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba.

"Gide."

Ya san muryar. Ita ce ta goya shi, ita ce za ta yi damunar bana da fartanya a gonar fadama, kuma mai yiwuwa ba za ta sake kiran sunan ba sai an daɗe. Wuyansa ya so ya sunkuya wajen ƙafarsa. Ya riƙe shi.

"Malam, hannuna na kan haƙarƙarinsa. Numfashi ya tsaya tun babur bai iso ba. Na jira, bai dawo ba. Wutsiyar kuwa ni na danne ta da gwiwa. Da na tashi ne ta warware."

Maharazu ya ɗaga wayarsa don ya ɗauka, ya dubi fuskokin mutane, ya mayar da ita aljihu.

Liman ya juya ga na kusa da shi.

"A je gidana a ce su sauke tukunya. Daga nan a bi sauran gidajen."